Yaro na jifan mil 93 a sakandare: me masu farautar 'yan besbol ke nema kafin diraf?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya tsare masa hannunsa. Ka ce kuna zaune a Houston, yaronka shekararsa 17, da dama yake jifa, bana zai gama sakandare, kuma a wani wasan nuna gwaninta da aka yi lokacin dogon hutu na'ura ta nuna ya jefa mil 93 a awa, tun daga nan wasu mutane masu bindigar rada, wato na'urar auna gudun ƙwallo, suke ta zuwa wasanninsa, koci kuma sai maganar diraf ɗin watan Yuli yake yi, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin besbol suke yi bi da bi. Kana so ka san me suke dubawa, sannan ko ka biya masa kuɗin shirin nan na ƙara gudu da ake jifa da ƙwallaye masu nauyi don ya kai 97 kafin lokacin.

Bari in fara da ta ƙarshen, kar ka biya kuɗin nan yanzu dan Allah, zan zo kan dalili. Na yi shekaru ina koya wa yara jifa a wata sakandare a nan Amurka, kuma na daɗe ina taimaka wa wani sikawut na yanki, wato mai farauto wa ƙungiya 'yan wasa, ni ne nake zuwa ƙananan wasannin da shi ba zai samu zuwa ba in rubuta masa abin da na gani, toh na zauna a bayan ragar nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Mutanen da kake gani ɗin ba matsayinsu ɗaya ba. Wanda yake yawan zuwa, ya san sunan koci ya san masu sayar da ruwa, shi ne sikawut na yanki, kowace ƙungiya cikin 30 ɗin MLB, wato babban lig ɗin besbol, tana da nata, shi ne yake fara rubuta rahoto. In rahoton ya yi kyau sai a turo na sama da shi mai kwatanta yaran yanki da yanki, wanda jiya yana Filorida yau yana Teksas gobe Kalifoniya. In ka fara ganin baƙin fuskoki, dattijon da ya zo ya kalli inin uku kawai, wato zango uku na wasan, ya tashi ya kama hanyar filin jirgi, toh sunan yaronka ya haura sama. Duk abin da suka gani maki suke ba shi daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babban lig, 60 ya fi matsakaici, 80 kuwa sai jefi-jefi a duniya gaba ɗaya. Kuma lamba biyu suke rubutawa, ta yau da wadda suke hasashen zai kai nan da shekara biyar, za ka ga 40/55 misali. Ta biyun ce ake biyan kuɗi a kanta.

Mil 93, wato wajen kilomita 150 a awa, a shekara 17 abin alfahari ne wallahi, matsakaicin fasbol, wato jifan da ya fi gudu, a babban lig yanzu bai wuce mil 94 da ɗan wani abu ba. Amma tambayar farko da sikawut zai yi ita ce, taɓawa ya yi ko a nan yake zaune? A wasan nuna gwaninta yaro inin ɗaya ko biyu yake yi, jifa 15 ko 20, ya zuba duk ƙarfinsa saboda ya san ana aunawa, wannan lambar ita ce iyaye suke yaɗawa a Facebook. Wadda ake rubutawa a littafi ita ce ta inin na biyar da na shida, bayan jifa 70, ga zafi ga mutum a bes na biyu, wato abokin hamayya ya kai rabin hanyar cin maki. In a nan yana 90 zuwa 91 ya fi min wanda ya taɓa 95 a farko ya gangaro 86. Za ka lura a inin na farko bindigogi ashirin ke ɗagawa lokaci ɗaya, zuwa na huɗu saura biyu ko uku, sauran sun ajiye sun tashi sun koma gefe, ba wai sun gaji da yaron ba ne, sun samu lambar, yanzu ainihin aikin za su fara.

Kuma 93 ɗin wani ba 93 ɗin wani ba ce. Daga tudun jifa zuwa faranti, inda mai bugu yake tsayawa, ƙafa 60 ne da inci 6, ƙwallo tana cinye wannan tazarar cikin kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Yaron da yake miƙa jiki ya saki ƙwallon ƙafa 7 gaba da robar tudu ya rage wa mai bugu lokaci fiye da mai saki a ƙafa 5 da rabi, ko da rada ta nuna lamba ɗaya. Ga kuma juyawar ƙwallo, matsakaicin fasbol a babban lig tana juyawa wajen sau 2,300 a minti, wadda take juyawa da kyau ta baya ba ta faɗuwa kamar yadda idon mai bugu ya saba, sai ya riƙa kai sanda ta ƙarƙashinta. Na'urori irin TrackMan da Rapsodo suna auna duk wannan, kuma kusan duk babban wasan nuna gwaninta akwai su, saboda haka ƙungiyoyi suna da lambobin yaronka a kwamfuta tun tuni. Ni dai hanyata mai sauƙi ce, ina kallon masu bugu na kirki, in sun san fasbol ce ke zuwa kuma suna kuskure ta a tsakiya, akwai wani abu a jikinta.

Waɗanda suka koma gefe, tunda da dama yake jifa, ɓangaren bes na uku za ka gan su, ta nan ƙirjinsa ke buɗe musu. Suna kallon kansa, yana nan daram ko yana fizgewa gefe lokacin saki. Suna kallon inda hannu yake a daidai lokacin da ƙafar gaba ta taka ƙasa, in ƙafa ta sauka hannu yana can ƙasa a baya bai ɗago ba, ya makara, kafaɗa da gwiwar hannu ne za su biya bashin. Suna kallon ko ƙugu ne da cinya ke kawo ƙarfin ko da hannu zalla yake fizga yana nishi. Abin da suka fi so shi ne yaron da kamar wasa yake yi amma ƙwallo na fita da wuta. Ga wani abu da kai ma za ka iya yi ba tare da na'ura ba: bayan ya gama atisaye je ka kalli tudun, wurin da ƙafarsa ta hagu take sauka. In rami ɗaya ka gani mai tsabta, sawu kan sawu, yaron yana maimaita motsinsa, in kuwa ka ga sawu a warwatse kamar inda kaji suka yi tono, nan ne aikin yake, kuma wannan ya fi mil huɗun da kake nema muhimmanci nesa ba kusa ba.

Don daga maimaita motsi ake samun saiti. Jefa sitiraik, wato ƙwallo ta bi ta saman faranti daidai inda za a iya bugawa, daban, sa ƙwallo inda ake so daban. Faranti faɗinsa inci 17 ne, yaro mai 93 a sakandare zai iya jefawa tsakiya kullum ya ci wasa saboda yaran ba sa iya kamo gudun, amma ranar da ya shiga ƙananan lig kowa yana bugun 93 kamar ba komai. Daina kallon ƙwallo, kalli safar hannun mai cafkewa. Ya ajiye ta ƙasa ta waje, ta motsa ko ba ta motsa ba? Ƙirga cikin jifa goma sau nawa sai da ya kai hannu ɗaya gefen. Greg Maddux a zagaye na biyu Cubs suka ɗauke shi a 1984 daga wata sakandare a Las Vegas, siriri ne ba wani ƙato ba, ya gama da nasara 355, kuma abin da ake tuna shi da shi kenan, safar ba ta motsi.

Sai jifa na biyu da na uku. Mai lanƙwasa, ko kab ko silaida, sikawut yana so ya ga yaro yana da baiwar murza ƙwallo a yatsunsa, domin gudu ana iya ƙara shi da abinci da ɗaga ƙarfe da girma, murzawa kuwa tana da wuyar koyarwa in babu ita tun asali. Ko sau uku kacal ya jefa mai kyau a wasa za su rubuta, tunda ya nuna tana nan. Cenjof kuma, wato jifan yaudara da ake cusa ƙwallo can cikin tafi, babban yatsa da manuni su yi zobe a gefe, hannu ya fita da saurin fasbol amma ƙwallo ta zo da ragin mil 8 zuwa 10, yawancin yaran sakandare masu gudu ba sa jefa ta a wasa don taimakon mai bugu take yi, wanda dama ya makara sai ka rage masa gudu. Shi ya sa sikawut na gaske yake zuwa minti arba'in kafin wasa ya tsaya jikin waya a wurin ɗumama hannu, a nan yake ganin ko akwai ta. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Ka gaya wa yaron ya riƙa jefa biyar ko shida a wurin ɗumi kullum, saboda ita ce take raba wanda za a ce zai iya fara wasa ya yi inin shida da wanda za a ce ɗan inin ɗaya ne, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Jiki ma ana dubawa, dogo mai faɗin kafaɗa wanda bai gama cika ba sun fi sa masa rai da ƙarin gudu a kan wanda ya riga ya murɗe tun yana 17. Har kai Alhaji suna kallon tsayinka da ƙirarka in ka zo, da na mahaifiyarsa, don su hango inda zai tsaya. Shekarunsa kuma suna taimaka masa, wanda bai cika 18 ba ranar diraf ya fi wanda ya haura 19 daraja ko da lambobinsu ɗaya.

Hali kuwa ba a auna shi da na'ura, amma wallahi ana rubuta shi. Abokin wasa ya saki ƙwallo mai sauƙi, alƙali ya hana shi sitiraik a fili, me ya yi? Ya ɗaga hannu sama yana harara, ko ya karɓi ƙwallo ya hau tudu? Jifan da ya biyo bayan kuskuren shi nake sa wa alama a littafina. Za su tambayi malamansa, za su shiga shafukansa na intanet, wasu za su zo har gida su zauna a falonka. A nan tarbiyyar gidanmu riba ce, sai dai ka gaya masa abu ɗaya, sunkuyar da kai da muke koya wa yara a gaban manya su ba su san shi da ladabi ba, sai su ɗauka rashin ƙarfin zuciya ne, ya kalle su ya amsa da bakinsa, kar kai ka amsa masa.

Yanzu ga abin da koci ƙila bai gaya maka ba. A duk nau'in 'yan wasan da ake ɗauka, ɗan sakandare mai jifa da dama shi ne ƙungiyoyi suka fi jin tsoro. Tun da aka fara diraf a 1965 ba a taɓa ɗaukar irinsa a lamba ta ɗaya ba. Majefa 'yan sakandare uku aka taɓa ɗauka a lamba ɗaya, dukansu bahagwai: David Clyde a 1973, Brien Taylor a 1991, Brady Aiken a 2014. Taylor ya karɓi dala miliyan 1.55 daga Yankees, a Disambar 1993 ya ji ciwo a kafaɗa wurin faɗa, bai taɓa taka babban lig ba. Aiken kuwa Astros ɗinku na Houston ne suka ɗauke shi, an daidaita a kan miliyan 6.5, da likitoci suka ga hoton gwiwar hannunsa sai ƙungiya ta rage tayi, aka watse ba a sa hannu ba, watan Maris na 2015 aka yi masa tiyata, shi ma bai kai ba. A wannan shekarar ta 2014 lamba ta biyu Tyler Kolek ne, ɗan Shepherd nan arewa da ku kaɗan, yana haura mil 100 tun a sakandare, Marlins suka ba shi miliyan 6, 2016 tiyata, bai kai babban lig ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ana dacewa kam, Clayton Kershaw ɗan sakandare ne daga Dallas, Dodgers suka ɗauke shi na bakwai a 2006 bayan an ɗauki majefa biyar da suka girme shi, ya zo ya ci Cy Young, kyautar gwarzon majefi na shekara, sau uku, amma shi tun lokacin yana da kab ɗin da ake magana a kanta, ba gudu kaɗai ba.

Jijiyar da ke cikin gwiwar hannu ta gefen jiki, wadda ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa, ita ce take ɗaukar wahalar duk jifa mai ƙarfi, tsoka tana ƙaruwa da atisaye cikin watanni amma ita ba ta bin wannan saurin. In ta tsinke sai tiyatar Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, a ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a dasa, jinya wata 12 zuwa 18. Ƙwallaye masu nauyi suna ƙara gudu da gaske, ban musa ba, ƙungiyoyi ma suna amfani da su a ƙarƙashin ido. Amma a binciken da Mike Reinold da abokan aikinsa suka buga a 2018 kan matasa, shirin mako shida ya ƙara gudu da wajen kashi 3 cikin ɗari, sannan kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi shirin sun ji ciwo, a ɗaya rukunin kuwa babu ko ɗaya. Ka ɗora wannan a kan yaron da yake tsakiyar kakar wasa, wata kaɗan kafin likitocin ƙungiyoyi su nemi hoton hannunsa.

Akwai yaron da har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Yana buga wa makaranta, yana buga wa wata ƙungiyar tafiye-tafiye ta ƙarshen mako, yana zuwa wurin wani mai horarwa na kuɗi, kowannensu yana ƙirga nasa jifan babu mai haɗa lissafi. Ranar Talata ya yi sama da 90, Asabar aka kai shi wasan nuna gwaninta don wai manya za su zo. Ina bayan raga, na ga yana girgiza hannu bayan kowane jifa yana buɗe yatsu yana rufewa, ƙwallo ta fara tashi sama ta gefen hannunsa, gudu ya sauka da mil huɗu, babu wanda ya tsayar da shi. A jifa na ashirin da wani abu ya riƙe gwiwar hannu ya durƙusa. Mahaifinsa na tsaye kusa da ni da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo.

Shi ya sa nake roƙonka, kai ne za ka zama mai haɗa lissafin. Sayi ɗan littafi. Ƙa'idar Pitch Smart da MLB da USA Baseball suka fitar a 2014 ta ce ɗan 17 zuwa 18 kar ya wuce jifa 105 a rana, in ya kai 81 ko sama ya huta kwana huɗu, kuma a shekara ya samu watanni da ba ya jifa sam. Ciwo a cikin gwiwar hannu, ko ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi su riƙa yin sanyi ko tsira-tsira, a tsaya a ga likita, ko wa ya zo kallo. In kuma azumi ya faɗo cikin kakar wasa kamar yadda yake yi a shekarun nan, ku zauna da koci tun da wuri a tsara ranakunsa, gajiya da ƙishirwa suna saukar da hannu su ɓata motsi, kuma a gajiye aka fi jin ciwo.

Maganar kuɗi a taƙaice. Diraf yanzu zagaye 20 ne. Kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da farashinsa, ƙungiya tana da jimillar da in ta wuce za a ci ta tara, bayan zagaye na goma kuma abin da ya haura dala 150,000 daga wannan jimillar ake cirewa. Albashin ƙananan matakai bai kai dala 30,000 a shekara ba, saboda haka kuɗin sa hannu shi ne kuɗin. Za su tambaye ku nawa zai sa ya fasa jami'a, ku zauna a gida ku tsayar da lamba ta gaskiya, ku samu mai ba da shawara da ya san harkar, kuma duk kwantiragin da za a sa wa hannu a sa kuɗin karatu a ciki, ana yin haka. In an gayyace shi kombain, wato taron gwada 'yan wasa kafin diraf da MLB ke yi tun 2021, wanda ya yarda aka yi masa gwajin lafiya a can dole ƙungiyar da ta ɗauke shi ta yi masa tayin aƙalla kashi 75 na farashin gurbin.

In ya tafi jami'a mai shekara huɗu sai ya gama aji uku ko ya cika 21 zai sake shiga diraf, kwalejin shekara biyu kuwa duk shekara zai iya. Ni a ganina, yaro mai 93 da bai gama saiti ba, in ba a kira shi da wuri da kuɗi mai kauri ba, jami'a ta fi masa. Paul Skenes ba a ma ɗauke shi daga sakandare ba, ya fara a makarantar sojan sama yana cafka yana jifa, ya koma jami'ar LSU, Pirates suka ɗauke shi na ɗaya a 2023 da dala miliyan 9.2, kafin shekara ta zagayo yana babban lig. Jacob deGrom tsakanin bes na biyu da na uku yake tsaro a jami'ar Stetson kafin a mai da shi majefi, zagaye na tara a 2010, Cy Young biyu. Tarik Skubal ma zagaye na tara ne a 2018 daga jami'ar Seattle.

In kana so in duba maka shi, ɗauko min bidiyo biyu a wasansa na gaba, ɗaya daga bayan raga yadda zan ga safar mai cafkewa, ɗaya daga ɓangaren bes na uku, waya a tsaye cak kar ka bi ƙwallo da ita, kuma na inin na biyar nake so ba na farko ba. Ka haɗo min da adadin jifan da ya yi cikin mako huɗun da suka wuce, na makaranta da na waje duka, da hoton tudun bayan ya sauka. Ka gaida min shi da mutan gida.